Bambancin hadari da hadari, da tsawar da ke faɗuwa bayan ruwa ya tsagaita

Tambayar ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gumel. Ya ce a daminar bara tsawa ta kashe shanu a bayan garinsu, abin da ya ɗaure masa kai kuwa shi ne ruwan ya riga ya tsagaita, yayyafi kawai ake yi, har wasu sun fara komawa gona. Yana so ya san ko tsawa iri-iri ce, me ya sa ake ganin wata walƙiyar ba a jin ƙararta, sannan mene ne ya bambanta hadarin da ke tasowa daga gabas da jar ƙura da wanda ke haɗuwa a kan gari da la'asar.

Malam, Allah ya mayar wa masu shanun da alheri, ya kiyaye gaba. Tambayoyinka uku ne, amma tushensu ɗaya. Tsawa iri-iri ce, hadari ma haka, kuma irin hadarin shi ke nuna irin tsawar da za ta fito daga cikinsa da lokacin da za ta fito. Yayyafin nan na bayan babban hadari yana cikin lokutan da na fi jin tsoro, kuma a lokacin ne mutanenmu suka fi sakin jiki.

Bari mu fara da inda wutar take samuwa. Gajimaren da ke tsawa dogo ne ƙwarai: gindinsa kilomita 1 zuwa 3 daga ƙasa, kansa kuwa a yankinmu yakan kai kilomita 15, wani ya zarce. Muna gumi a ƙasa, can sama kuwa ƙanƙara ce. Daga wajen kilomita 6 zuwa 9, inda sanyi ya kai digiri 10 zuwa 25 ƙasa da sifili, abu uku ne a cakuɗe: 'yan mitsi-mitsin ƙanƙara marasa nauyi, da dunƙulen ƙanƙara mai taushi da ya fi su nauyi, da ɗigon ruwan da bai kai ga daskarewa ba. Iska mai hawa da ƙarfi tana kwasar marasa nauyin ta yi sama da su, masu nauyin suna tsayawa ko su gangaro, a hanya suna ta karo da juna. Kowane karo yana raba caji, wato wutar lantarkin da ke jikinsu, mai iri biyu: fozitif da negetif. Marasa nauyin su tafi ƙololuwa da cajin fozitif, masu nauyin su zauna tsakiya da ƙasa-ƙasa da cajin negetif. Ka san yadda bargo ke yin tartsatsi da 'yar ƙara in ka yaye shi cikin duhu da hunturu? Abu ɗaya ne, sai dai wannan gogayyar ta cika sararin kilomitoci. Idan cajin ya taru har iskar da ke tsakani ta kasa riƙe shi, sai ya ɓalle. Ɓallewar ce walƙiya.

Yawancin walƙiya ba ta sauka ƙasa ko kaɗan. Kusan uku cikin kowace huɗu a cikin gajimare take farawa ta ƙare, tsakanin fozitif na sama da negetif na tsakiya. Ita ce ke haska hadari gaba ɗaya ya yi fari fat ba ka ga zarenta ba, don gajimaren ya rufe shi. Wata takan tsallaka zuwa wani gajimaren, wata ta fito gefe ta mutu a iska. Waɗannan ba sa taɓa kowa a ƙasa, amma shaida ce cewa gajimaren ya cika da caji, wadda za ta biyo baya kuma babu mai sanin inda za ta nufa.

Ita kuwa wadda kake hange da daddare can gefen gabas ko kudu tana ƙyalli shiru, hadari ne na sosai yake zuba a wani gari mai nisa. Hasken da ya fito daga ƙololuwar dogon gajimare ana iya hangensa daga fiye da kilomita 100, ƙara kuwa da wuya ta wuce kilomita 15 zuwa 20 kafin ta ɓace. A nan akwai ma'aunin da kowa ke da shi kyauta: haske yana iso maka nan take, ƙara kuma tana cin kilomita 1 a sakan 3. In ka ga walƙiya ka ƙirga sakan 15 kafin ka ji cida, tsakaninku kilomita 5 ne. In sakan 3 ka ƙirga, tana bayan gari. Amma kada ƙirgar ta ruɗe ka. Muddin kunnenka ya ji ƙarar, komai rauninta, kana cikin inda tsawa za ta iya kaiwa.

Wadda ke faɗowa ƙasa ita ce abin magana, ita ma kashi biyu ce. Ta farko, wadda ta fi kashi 90 cikin 100, daga negetif ɗin ƙasan gajimare take fitowa. Wani siririn zare ne da ido ba ya kamawa yake fara gangarowa, taku-taku, kowane taku wajen mita 50, yana rassa yana laluben hanya. Idan ya kusato, duk abin da ya ɗaga kai a wurin, giginya ce, kuka ce, ƙarfen sabis ne, ko mutum ne a tsaye a tsakiyar gona, sai ya tura nasa ɗan zaren sama. Wanda ya riga haɗuwa da na saman, ta kansa wutar za ta bi. A nan ne hasken da ke kashe ido yake tashi, kuma daga ƙasa yake hawa sama, duk da mu sauka muke ganin ya yi. Kaurin hanyar bai wuce santimita 2 ko 3 ba, amma zafinta yakan kai digiri 30,000, ninki biyar na zafin fuskar rana, ƙarfin wutar kuma, a ma'aunin kwararar lantarki, wajen amfiya 30,000. Sau da yawa takan sake bin hanyar sau 3 ko 4 cikin ƙasa da sakan guda, shi ya sa kake ganin walƙiya tana ɗaukewa tana dawowa. Iskar da ta ɗauki wannan zafi farat ɗaya sai ta fashe. In kana kusa, ƙara ɗaya za ka ji mai tsaga kunne. In kana nesa, ƙarar kowane sashe na doguwar hanyar tana iso maka a lokaci daban, sai ta zama rugugin cida.

Ta biyun ita na fi zargi a abin da ya faru a garinku. Daga cajin fozitif take fitowa, ba ta kai kashi 10 cikin 100 na masu faɗowa ba, amma ta fi 'yar'uwarta muni nesa ba kusa ba. Ƙarfinta yakan ninka, wata har amfiya 300,000, sannan ba ta ɗaukewa da wuri: wutar takan ci gaba da kwarara ɗan lokacin da ya isa ya kunna jinka ko rumbu ko tarin kara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne inda take fitowa. Ba ta faye zuwa a tsakiyar ruwa mai ƙarfi ba, sai daga bajajjen kan gajimare da iska ta ja gefe, da kuma shimfiɗaɗɗen gajimaren da ke biyo bayan babban hadari. Akwai kuma wadda ke fita ta gefen hadari ta yi tafiya a kwance cikin sarari, sannan ta karkato ƙasa, kilomita 15 ko fiye daga inda ake ruwa. Mutum yana noma cikin rana, hadarin yana can kan wani gari, sai kawai a ji ta faɗi.

Yanzu ga hadarin kansa. Da damina iska biyu ce a kanmu, ɗaya bisa ɗaya. Ta ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, daga tekun Atlantika, ɗauke da laima. Ita ce kake ji a jikinka tun kafin ruwan farko, lokacin da dare ya fara sa zufa. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata busasshiya mai gudu daga gabas zuwa yamma. Laimar da za ta zama ruwa daga kudu take, amma mai tuƙa hadarin iskar gabas ce. Shi ya sa kakanninmu gabas suke dubawa, kuma sun yi gaskiya.

Mafi sauƙi shi ne na la'asar. Rana ta gasa ƙasa tun hantsi, iska mai zafi da laima ta tashi, da azahar ka ga farin gajimare yana tasowa yana kumbura. Ya yi tsawo, kansa ya baje, gindinsa ya yi baƙi, ya zubo. Amma ruwan da ya zubo yana jawo iska mai sanyi, ta faɗo daidai kan hanyar iskar da ke ciyar da shi, sai ya kashe kansa. Rayuwarsa duka minti 30 zuwa awa guda ce, faɗinsa 'yan kilomitoci. Shi ne ke jiƙa gonar gabas da gari ya bar ta yamma a bushe. Tsawarsa ba ta da yawa, galibinta negetif ce a kusa da inda ruwan ke zuba, sai dai a kanka yake haɗuwa. Ba ya aiko da ƙura ta yi maka gargaɗi, tsawar farko na iya zama ita ce sallamarsa.

Wani lokaci iskar sanyin da ya zubar takan bazu ta tura iska mai zafi sama a gefensa, sai sabo ya tashi kafin na farko ya mutu, na biyun ma ya haifi na uku. Wannan gungu ne, yakan yi awoyi, ka ɗauka hadari ɗaya ne ya ƙi tafiya. In ya daɗe a kan wuri guda, shi ne ke cika kwalbati ya rushe katangar ƙasa, kuma a irinsa akan samu ƙanƙara.

Na gabas kuwa shi ne uban tafiyar daminarmu. Binciken da aka yi da tauraron ɗan Adam ya nuna kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ruwan yankin Sahel daga irin wannan babban hadari yake samuwa. Jerin gajimare ne da suka yi sahu daga arewa zuwa kudu, tsawon sahun ɗaruruwan kilomitoci. Yawanci da rana yake haɗuwa, sau da yawa a kan tuddai irin na Jos, da duwatsun Azbin a Nijar, da na Kamaru, da na Darfur a Sudan, sannan ya kama hanyar yamma da gudun kilomita 40 zuwa 60 a awa. Bambancinsa da na la'asar shi ne ba ya kashe kansa. Iskar gabas tana karkatar da shi yadda sanyin da ya zubar yake gudu a gabansa, yana shiga ƙarƙashin iska mai laima yana ɗaga ta, sabon gajimare na ta tashi a gaba, tsohon na komawa baya. Da haka yake kwana yana tafiya, wani ya wuce awa 12, ya ƙetare jihohi. Wanda ya doki Haɗeja da magariba yana iya isa Kano cikin awa 3 zuwa 4. Shi ya sa hadarin gabas ba shi da lokaci, yakan zo da isha, ko tsakar dare, ko da asuba. Kuma in ka lura, sau da yawa kwana 3 zuwa 5 ne tsakanin babba da babba, don iskar gabas ɗin da lanƙwasa take tafiya, kowace lanƙwasa tana cin kwanakin nan kafin wata ta iso.

Ka san yadda yake isowa, amma bari in bi shi daki-daki, don kowane mataki da nasa hatsarin. Da farko gari ya yi tsit, zufa ta karyo wa kowa, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Gabas ta yi baƙi, ƙasan baƙin ya yi ja. Jan nan ƙura ce da iskar sanyi ta kwaso daga gonakin da shuka ba ta rufe ba. Sai iskar ta bugo, mata na rige-rigen kwashe shanya da rufe tukwane, awaki na shigowa da gudu, kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako ya fara kaɗawa. Cikin 'yan mintoci zafin gari ya faɗi da kusan digiri 10. Ko ɗigo bai sauka ba tukuna, amma wanda ke hanyar dawowa daga gona ya riga ya shiga inda tsawa ke kaiwa. Sannan ruwan ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, walƙiya ba ƙaƙƙautawa, minti 30 zuwa awa guda. A nan tsawa ta fi yawa, sai dai kusan kowa ya fake.

Bayan nan ne zancen garinku ya shigo. Iska ta kwanta, ruwan ya koma yayyafi mai laushi, sama ta yi fari-fari a shimfiɗe, ana iya awa 2 ko 3 a haka. A ido hadari ya wuce. A gaskiya bayansa ne ke bi ta kanka, faffaɗan gajimare mai ɗauke da caji a shimfiɗe. Walƙiyarsa jefi-jefi ce, a yi ta jira ba a ga ko ɗaya ba, sai ka ga wata ta yi rassa tana rarrafe a ƙasan gajimare daga wannan gefen sama zuwa wancan, cidarta doguwa. Walƙiya mafi tsawo da Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar, mai kilomita 829, wadda aka yi a Amurka a 2017, a cikin irin wannan gajimaren ta bi. Kusan nisan Kano zuwa Legas ke nan a miƙe. Daga cikin gajimaren nan ne tsawar fozitif ke saukowa. A daidai lokacin kuma manomi ya ɗauki iri zai yi shuka da danshi, yara sun fita wasan ruwa, makiyayi yana tsaye da garke a fili ko a gindin bishiya.

Me ya sa shanu da yawa a bugu ɗaya? Tsawa ba ta buƙatar ta taɓa kowace saniya. Inda ta faɗi, wutar tana bazuwa a fuskar ƙasa tana raguwa da nisa. Duk abin da ya taɓa ƙasa a wuri biyu, ta ɗaya za ta shiga ta fita ta ɗaya, kuma gwargwadon tazarar wuraren, gwargwadon abin da zai ratsa shi. Saniya tazarar ƙafafunta na gaba da na baya babba ce, zuciyarta kuma tana tsakani, ga shi in hadari ya zo sukan cure wuri guda. A 2016 tsawa ta kashe barewar ƙasar sanyi 323 a kan wani tudu a Norwe, a nan gida kuma a 2019 an ba da rahoton shanu 36 a Ijare ta jihar Ondo. A mutane ma haka ne. Wutar da ta bi ƙasa ita ke da kusan rabin waɗanda tsawa ke illatawa, sai wadda ta bugi bishiya ta yi tsalle zuwa jikin wanda ya fake a gindinta. Wadda ke faɗo wa mutum kai tsaye ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba.

Lokacin damina ma yana sauya halin hadari. Na farko-farko, a Mayu da Yuni, iskar ƙasa da sauran bushewa, gindin gajimare yana can sama, ruwan da ya zubo yana ƙafewa tun bai iso ba. Ƙafewar tana sanyaya iskar ta ƙara mata nauyi, sai ta faɗo da ƙarfi. Shi ya sa hadarin farkon damina ya fi yaye kwano da karya bishiya, wani ya yi iska da ƙura da tsawa ya tafi bai ba da ko ɗigo ba, kuma tsawarsa ta fi tayar da gobara don komai a bushe yake. A Agusta, lokacin marka, laima ta cika sama da ƙasa, ƙura ta kwanta, ana iya wuni ana mamako ba tsawa sosai. Da Satumba iskar kudu ta fara ja da baya, hadarin kaka ya dawo da iska ya kwantar da hatsin da ya yi nauyin kai.

Akwai nau'i na huɗu, gajimare tilo mai juyawa a kan kansa, wanda ke haifar da guguwar da ke saukowa daga sama ta niƙa gari. A tsakiyar Amurka da Ajantina da Bangladesh ya fi yawa, a nan ba kasafai ba. Ɓarnar da muke gani a ƙauyukan Jigawa da Kano galibi ta iskar gaban hadari ce mai tafiya a miƙe. Duba za ka ga bishiyoyi da turakun lantarki duk gefe ɗaya suka kwanta. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne na gabas ɗin nan. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1982, ya gano cewa mafi tsanani daga cikinsu sun ninka yawa sau uku a yankin Sahel, masu binciken kuma sun danganta haka da ƙarin zafin Sahara.

To me za a yi? A ganina abu mafi amfani shi ne mu gyara lissafin farkon hadari da ƙarshensa. Cidar farko da ka ji ita ce farkonsa, ko da ɗigo bai sauka ba. Ƙarshensa kuma minti 30 ne bayan cidar ƙarshe, ko da ruwa ya daɗe da tsagaitawa. Na san minti 30 da yawa ne ga mai son binne iri kafin ƙasa ta sha iska, amma danshin babban hadari ba ya gudu cikin rabin awa. In kana da ɗan'uwa a gabas da kai, a Malam Madori ko Haɗeja ko Nguru, kiran wayarsa zai gaya maka abin da ke tafe tun da sauran lokaci, sannan a riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, a rediyo.

Wurin fakewa ma ba duka ɗaya ba ne. Gindin bishiya tilo a tsakiyar gona shi ne mafi muni, rumfar kara da bukkar gona kuma ruwa kawai suke tarewa. Mota mai rufin ƙarfe, gilasai a rufe, tana karewa, don wutar tana bin jikin ƙarfen ta wuce. Babur da amalanke da a-daidaita-sahu ba sa karewa. Masunta da masu aikin shinkafa a fadamar Haɗeja su fito daga ruwa tun cidar farko. In ta rutsa da ku a fili, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara, a nufi gari, kada a kwanta a ƙasa. Ɗakin ƙasa mai rufin kwano ya fi fili, amma kariyarsa ba cikakkiya ba ce in babu abin da zai kai wutar ƙasa: a zauna tsakiyar ɗaki, a bar jingina da bango, a bar bakin ƙofa da taga. Waya a hannu ba ta kiran tsawa, wadda ke jone da caji, ko da na sola ne, ita ce abin gudu. Inda na fi so a kashe kuɗi shi ne makarantu da masallatan Juma'a da asibitocin karkara, inda jama'a ke taruwa ƙarƙashin kwano ɗaya. A 2011 tsawa ta kashe yara 18 da malami ɗaya a wata firamare a Yuganda. Sandar ƙarfe a ƙololuwar gini, da kakkaurar wayar tagulla da ta sauka aka binne ta da kyau, dabara ce da aka sani tun zamanin masanin kimiyyar Amurka Benjamin Franklin a shekarun 1750. A ba wanda ya san aikin, kuma a riƙa dubawa kafin kowace damina, don sandar da wayarta ta tsinke ko aka sace ba ta kare kowa.

Saura magana ɗaya da ba ka tambaya ba, amma ba zan iya barinta ba. Wanda tsawa ta buga ba ya riƙe wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take. A wasu garuruwan ana tsayawa nesa ana jiran a kawo madara a zuba masa, wasu kuma suna raɗe-raɗin rantsuwa ce ta ci shi ko wani ne ya turo masa, a bar iyalinsa da ciwo biyu. Tsayi da fili da lokaci ne suka haɗu a kansa, yadda za su iya haɗuwa a kan kowa, mintocin da ake ɓatawa kuwa su ne ransa. Tsawa zuciya da numfashi take tsayarwa. Sau da yawa zuciyar takan farfaɗo da kanta, numfashin ne ke jinkiri, in ba a taimaka ba sai ta sake tsayawa. Don haka in mutane da yawa ne suka faɗi, a fara da wanda ya yi shiru ba ya numfashi kafin mai ihu. A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, a hura masa iska a baki sau biyu bayan kowane danni 30, kada a daina har ya motsa ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. A ƙasashen da ake kai ɗauki da wuri, 9 cikin 10 na waɗanda tsawa ta buga suna rayuwa. Wanda ya tashi da ƙafarsa ma a kai shi asibiti, don fashewar dodon kunne da mantuwa da yanar ido sukan bayyana daga baya.